Neman shawara: wane jirgi zan zaɓa mu je ganin ƙanƙarar Alaska ni da uwargida?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron matsalolin jama'a a wannan fili.

Ni mazaunin Kanada ne, kuma a farkon watan Satumba mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu cika shekara 30 da aure ni da uwargida. Ta daɗe tana burin ganin kogunan ƙanƙarar Alaska da idonta, wato ƙanƙarar nan da dusar ɗaruruwan shekaru ta danne ta daskare, take gangarowa a hankali daga tsaunuka har ta iso bakin teku tana ɓallewa cikin ruwa. Na yi niyyar kai ta a jirgin ruwan yawon buɗe ido na kwana 7. Takardunmu na shiga Amurka da Kanada suna hannu. Abin da ya tsaya mini shi ne zaɓi, don haka bari in shimfiɗa miki yadda abin yake dalla-dalla, ki ga inda na maƙale.

Ba kowane jirgin Alaska ne ke kai mutum wuri ɗaya ba, ko da tallarsu ta yi kama da juna. Wurin da ya fi suna shi ne Glacier Bay, gandun ƙasa ne na gwamnatin Amurka, kuma ƙasar kakannin mutanen Huna Tlingit. Lokacin da matuƙin jirgin ruwan Birtaniya George Vancouver ya ratsa ta wajen a 1794 ƙanƙara ce ta cike mashigin kusan gaba ɗaya, yanzu kuwa ta ja baya kimanin kilomita 100, jirgi na shiga inda a da tudun ƙanƙara yake. Hukumar gandun ba ta barin manyan jirage fiye da 2 su shiga a rana, shi ya sa kamfanoni ƙalilan ne ke da izini, kuma Princess da Holland America su ne suka fi yawan kwanaki. Da sassafe ma'aikatan gandun suke hawowa jirgin daga ƙaramin kwalekwale, su wuni suna bayani ta lasifika. Jirgin yakan tsaya kusan awa ɗaya a gaban ƙanƙarar Margerie, mai faɗin kusan kilomita ɗaya da rabi da tsayin sama da mita 60 daga kan ruwa, kyaftin ya riƙa juya shi sannu a hankali domin na dama da na hagu kowa ya gani. A ganina babbar fa'idar wannan wuri ita ce tabbas: wuni guda ake yi a ciki, ruwan a kwance yake, ana wuce ƙanƙara fiye da ɗaya, kuma da wuya a juyo ba a ga komai ba.

Na biyu shi ne Hubbard, kusa da garin Yakutat. Ita ce mafi girma cikin kogunan ƙanƙara masu taɓa teku a Arewacin Amurka, tsawonta kimanin kilomita 120, fuskarta kuma ta kai faɗin kilomita 10. Yayin da yawancin 'yan uwanta ke ja da baya, ita ta shafe shekaru tana matsowa gaba, har ta toshe mashigin Russell a 1986 da kuma 2002. Idan aka dace da rana mai kyau, ba abin da ya kai ta: gutsuren ƙanƙara mai girman bene ya ɓalle ya faɗa ruwa, sai daga baya ƙarar ta iso kunne kamar tsawa. Matsalarta kuwa daga wannan ɓallewar take. Gutsattsarin suna cika bakin mashigin, ga hazo mai yawan sauka a wajen, to in abin ya yi yawa dole kyaftin ya tsaya can nesa, mutum ya hango ta kamar farin zare a gindin dutse. Ziyarar 'yan awanni ce, ba a dawowa washegari, kuma ba a mayar wa kowa kuɗinsa saboda yanayi.

Akwai na uku, Tracy Arm da maƙwabcinsa Endicott Arm, kudu da Juneau, babban birnin Alaska. Lunguna ne matsattsu tsakanin duwatsu masu tsayi, kyawunsu ba magana, amma a farkon kakar jiragen ƙanƙara kan hana babban jirgi kaiwa ƙarshe, ga shi kuma a watan Agusta na 2025 dutse ya zabtaro cikin Tracy Arm ya tayar da gagarumar igiyar ruwa. Wannan na cire shi daga lissafi.

Sai batun hanya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Jiragen da ke tashi daga Seattle su dawo Seattle sun fi sauƙin tikitin jirgin sama, sai dai yawanci suna bin bayan tsibirin Vancouver ta buɗaɗɗen teku, inda igiya ke da ƙarfi a rana ta farko da ta ƙarshe. Dokar Amurka ta 1886 kuma ta tilasta wa jirgi mai tutar wata ƙasa ya tsaya a tashar waje kafin ya koma, shi ya sa suke yada zango na 'yan awanni a Victoria ta Kanada, galibi da yamma, kuma duk mai fasfon da ke buƙatar biza sai ya nemi ta Kanada ko da ba zai sauka ba. Masu tashi daga Vancouver su dawo Vancouver suna bi ta cikin lungu tsakanin tsibirin da babban yanki, ruwa a kwance in ban da 'yan awanni a mashigin Queen Charlotte. Su kan kai mutum Juneau da Skagway da Ketchikan, wasunsu har da wuni a Glacier Bay. Sannan akwai tafiyar da ba ta dawowa inda ta taso, tsakanin Vancouver da Whittier ko Seward da ke Alaska. Ita ce ke haɗa wurare biyu na ƙanƙara a mako guda: mai gangarowa kudu yakan ga Hubbard da Glacier Bay, mai hawa arewa kuma Glacier Bay da College Fjord. Amma dole ta tsallaka Tekun Alaska a buɗe, kuma sai an sayi tikitin jirgin sama zuwa Anchorage, a yi tafiyar kusan kilomita 100 a mota ko jirgin ƙasa zuwa Whittier, ta wani rami mai tsawon kilomita 4 cikin dutse wanda hannu ɗaya ne, ana buɗe shi bi da bi, in ka makara sai ka jira zagaye na gaba.

To Hajiya, uwargida Hubbard take so. Ita ta gani a hoto, ita take ambata. Amma tana fama da jiri da tashin zuciya ko a mota mai nisa, ga ciwon gwiwa. Akwai dabaru da na sani: a ɗauki ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa-ƙasa, domin gaba da baya da sama su ne suka fi lilo, a sha maganin jiri tun kafin a shiga buɗaɗɗen teku, ba sai abin ya kama ba, akwai kuma filastar da ake mannawa a bayan kunne awanni kafin tashi, tana aiki kwana 3, amma tana busar da baki, tana sa gani ya dusashe, kuma ba ta dace da mai hawan jinin ido ba, sai likita ya duba. Citta ma tana taimakawa. Duk da haka ba wanda zai ba da tabbacin yadda teku za ta tashi ranar. Ni zuciyata ta fi kwanciya da tafiyar Vancouver zuwa Vancouver mai shiga Glacier Bay. Sai dai ina tsoron in zaɓa mata lafiyayyar hanya in hana ta abin da ta ɗora wa rai, alhali ba na jin za mu sake yin irin wannan tafiya.

Lokaci ma ya raba mini hankali. Kakar jiragen galibi daga ƙarshen Afrilu ce zuwa ƙarshen Satumba. Mayu da Yuni sun fi ƙarancin ruwan sama a kudu maso gabashin Alaska, tsaunuka na sanye da dusa, amma ƙanƙara mai yawo ta fi yawa a kan ruwa. Yuli da Agusta sun fi ɗumi, sun fi cunkoso da tsada. Satumba, watan da ranarmu ta faɗo, ya fi araha, sai dai ruwan sama ya fi yawa kuma teku ta fi tashi, wanda shi ne ainihin abin da nake guje mata. Yana da nasa alherin: daga 1 ga Satumba ake buɗe wa manyan jirage lungun Johns Hopkins da ke cikin Glacier Bay, wanda ake rufewa duk bazara saboda dabbobin ruwan nan da ake kira sil suna haihuwa a kan gutsattsarin ƙanƙara. Sannan ga batun salla. A tsakiyar Yuni rana tana faɗuwa a Juneau bayan ƙarfe 10 na dare, ta fito kafin 4 na asuba, jan sararin sama ma ba ya gama gushewa, don haka isha'i da asuba sun kusa haɗewa, barci ya gagara. A Satumba lokutan sun koma daidai. Alƙibla kuwa a can kusan arewa sak take, abin da ke ba mutanenmu mamaki, kuma da yake jirgi na juyawa sai an duba kamfas kafin kowace salla. Ina so in san ko ya fi dacewa mu riƙe ainihin ranar auren, ko mu gabatar da tafiyar zuwa Yuni mu yi walimar ranar a gida.

Kan kuɗi, farashin da ake tallatawa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin tashoshi, akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗorawa kullum, kimanin dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum, wato sama da dala 200 gare mu a mako. Fita yawo a garuruwan da aka tsaya kuɗinsa daban: jirgin ƙasan White Pass na Skagway, wanda aka gina tsakanin 1898 da 1900 lokacin rububin zinariya, ya dace da mai ciwon gwiwa don a zaune ake yi, ƙanƙarar Mendenhall kuma kimanin kilomita 20 take daga tsakiyar Juneau, ana hango ta daga ɗakin baƙi ba sai an taka zuwa magangarar ruwan Nugget ba. Tsarin abin sha da suke haɗawa da tikiti yawancin kuɗinsa na giya ne, ba ruwanmu da shi. Abinci kuwa sai an sanar da kamfani makonni kafin tafiya in ana son naman halal, in ba haka ba kifi ya wadatar, Alaska gidan kifi ce, a dai riƙa tambaya ko an sa giya a miya.

Babban kashin kuɗin shi ne ɗaki mai baranda, wanda kan ninka na ciki sau ɗaya da rabi ko fiye. Masu cewa ɓarna ce suna da hujja, don daga saman jirgi aka fi ganin ko'ina. Amma iskar da ke busowa daga kan ƙanƙara tana ratsa ƙashi ko a Yuli, sai an sa riga kan riga, ta ciki mai ɗumi, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai hana ruwa, da safar hannu da hula. Mai ciwon gwiwa ba za ta iya tsayuwar awa biyu a jikin ƙarfe cikin turmutsutsu ba. Da baranda za ta zauna da bargo da shayinta da madubin hangen nesa, in sanyi ya ishe ta ta shige ciki, ba tare da damuwar mayafi ko idon jama'a ba. Don haka na karkata ga barandar, ko da za mu rage yawon gari. Ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ƙasa da 100 sun fi matsawa kusa da ƙanƙara, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina, ga hawa da sauka cikin kwalekwale kullum.

Abu na ƙarshe shi ya fi yi mini nauyi. Na so in yi mata bazata, in miƙa mata tikiti kawai. Yaranmu sun goyi bayan haka. Amma ɗakuna masu kyau a jiragen Glacier Bay suna ƙarewa watanni da yawa kafin lokaci, kuma bayan an biya cikon kuɗi, wajen wata 3 kafin tashi, duk wanda ya fasa zai yi asara mai yawa sai in yana da inshorar tafiya. Idan na yanke hukunci ni kaɗai na kuskure, gyara zai yi wuya. Idan kuma na zaunar da ita na faɗa mata duk wannan, na san halinta, da ta ji adadin kuɗin za ta ce a bari, a ƙara a kan na Umra ko a tura gida, ta danne abin da take so kamar yadda ta saba. Wani ɗan uwana ma ya riga ya faɗa mini hakan, kuma ban raina maganarsa ba, ko da yake mun sauke farali, kuma kuɗin nan daban na tara su ba tare da tauye haƙƙin kowa ba.

Hajiya, ke mace ce kuma kin ga gidaje da yawa. In ke ce a matsayinta, za ki fi son a tambaye ki ko a yi miki bazata? In kuma tambayar ce ta fi, ta yaya zan kawo maganar har ta faɗi gaskiyar abin da ke ranta tsakanin Hubbard da hanyar da ta fi kwanciyar ruwa, ba tare da kuɗin ya sa ta janye ba? Kuma don Allah in da hali ki miƙa wa ɗaya daga cikin malaman da kike gayyata tambayar haɗa magariba da isha'i da yin ƙasaru na tsawon mako a cikin jirgi, domin amsarsa za ta taimaka mini wajen zaɓar wata. Ina so in kama ɗaki kafin ƙarshen wannan watan.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Naki,
Wani mai bibiyar filinki daga Alberta, Kanada