Masu Kai Iyali Turai, A Lissafa Kuɗin Ciki Tun Daga Gida

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in ja hankalin magidanta masu shirin kai iyali hutu Turai, saboda da yawa biza da tikiti da otal kawai suke lissafawa, abinci kuma wai sai an je, alhali shi ne yake cinye guzuri kullum sau uku, ga yara ba sa jin a yi haƙuri.

Ni dai shawarata a kama masauki mai kicin, a shiga kantunan Lidl ko Aldi a sayo shinkafa, taliya, ƙwai da burodi, gidan abinci sau ɗaya a rana ya isa, shagunan Turkawa masu doner (irin shawarma) galibi halal ne kuma da sauƙi, amma a tambaya. A Faransa in ka zauna cin abinci ruwan famfo kyauta ne, ka nema. A Jamus kantuna a rufe suke ranar Lahadi, sai a yi cefane tun Asabar, kuma kar a yar da robar ruwa, in an mayar da su kanti ana ba da santi 25 na yuro a kan mafi yawansu.

Yaji da garin kunu a ɗauka, amma kilishi kam a bar shi gida, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama, a filin jirgi za a ƙwace.

Naku,
Wani magidanci daga Kano