Bargon faci da ya tsaya a rabi: ta ina za a kama?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu ɗinkin bargon faci, irin wanda ake harhaɗa ƙananan ƙyallaye a yi masa cikon auduga da shafi. Da yawa kan fara da zafinsu, aiki na kaiwa rabi sai a naɗe a tura ƙasan akwati, kullum sai gobe. Ana ɗora laifin a kan kasala, ni kuwa ban yarda ba. Galibi akwai wuri guda da aikin ya cije, mai ɗinkin kuma ba ya son sake haɗa ido da shi.

To a fito da shi, a shimfiɗa, a nemo wurin. Sau da yawa awo ne: gidajen, wato murabba'an ƙyallaye da ake jerawa su zama fuskar bargon, sun ƙi zama daidai da juna. Bakin ɗinki, wato ratar da ke tsakanin ɗinki da gefen ƙyalle, ya kamata ya tsaya a rubu'in inci, wajen milimita 6, daga farko har ƙarshe. Kuskuren milimita 2 ba ya ganuwa a ɗinki ɗaya, amma layi mai ɗinki 10 sai ya tashi da santimita 2. Kada a ce za a farke duka, nan ne zuciya ke mutuwa. A auna gidajen ɗaya bayan ɗaya, a farke waɗanda suka kauce sosai, sauran a ɗan datse su zo ɗaya. Sannan a manna tef a kan keke daidai inda bakin ƙyalle zai riƙa bi. Wajen guga kuma dannawa ake yi a ɗaga, domin ja yana miƙar da ƙyalle, musamman wanda aka yanka a karkace.

Wuri na biyu shi ne haɗa shimfiɗa ukun, wato fuska, auduga da shafi, kuma shi ya fi ba mutane tsoro. A bar shafi da auduga su zarce fuskar bargon da santimita 10 ta kowane gefe. A shimfiɗa shafin a ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, a kama gefunansa da tef ya miƙe ba tare da an ɗame shi ba. In an ɗame, da an saki zai tattare. A ɗora auduga, a ɗora fuska, a soka fil duk bayan faɗin tafin hannu. Ɗinki daga tsakiya yake farawa ya nufi gefe, don duk wani rara ya samu hanyar fita. Wannan aikin na zama ɗaya ne, a ware masa yini.

Sauran duka minti 20 a rana sun isa. Abin da ke cinye minti 20 ɗin shi ne neman almakashi da naɗa zare, saboda haka kafin a tashi a cika bobin, a ajiye ƙyallen da za a ɗinka gobe ƙarƙashin allura, a rubuta mataki na gaba a takarda a maƙala masa. Kuma don Allah kada a sayi sabon yadi sai wannan ya ƙare.

Na ƙarshe kalmasar baki. A yanka dogayen ƙyallaye masu faɗin inci 2 da rabi, a haɗa su, a ninka biyu a goge, a ɗinka ta gaba da keke, a juya baya a kama da hannu. Gefe ɗaya kowane dare, dare huɗu bargo ya hau gado.

Na gode,
Mai karatunku a kullum