A sa ido kan madatsun lakar ma'adinai tun kafin su ɓalle

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina neman fili in ja hankalin masu karatu kan wani haɗari da ba a cika magana a kai ba, wato madatsun da kamfanonin haƙar ma'adinai ke tara laka bayan an niƙe dutse an tsame ƙarfe.

Hanya mafi araha ta gina su ita ce a riƙa ɗora sabon bango kan lakar da aka riga aka zuba. Nan gizo ke saƙar. Lakar kan bushe daga sama, ƙasanta kuwa jiƙe take sharkaf. Idan magudanun cikin bangon suka toshe, ko ruwan ya taso ya kusanto bangon, yashin da ke riƙe da nauyin sai ya saki, ya zama ruwa tsululu cikin daƙiƙu kaɗan.

Haka ta faru a Brumadinho da ke Brazil ranar 25 ga Janairun 2019. Madatsar mai tsayin mita 86 ta daina karɓar laka tun 2016, kuma 'yan watanni kafin nan an ba ta takardar shaidar cewa lafiyarta lau. Ɗakin cin abincin ma'aikata yana ƙarƙashinta, lokacin abincin rana ne, jiniya ba ta kaɗa ba. Mutum 270 suka rasu. A 2015 ma madatsar Mariana, ita ma a Brazil, ta ɓalle, ta kashe 19, lakar ta bi kogin Doce har tekun Atlantika.

Abin da ya kamata hukuma ta tilasta a fili yake. A dasa bututun auna matsin ruwa a zurfi daban-daban cikin bangon, a karanta su a kai a kai, a kuma rubuta tun farko matakin da idan ruwa ya kai za a tsayar da aiki a kwashe mutane. A zana taswirar inda laka za ta bi, kada a bar ofis ko gida a hanyarta. Mai binciken lafiyar madatsa kuwa, hukuma ce ya kamata ta naɗa shi, domin wanda ke jiran kwangila ta gaba daga kamfani da wuya ya ce masa a'a.

Ƙa'idar duniya kan kula da irin waɗannan madatsu da aka fitar a Agustan 2020 ta taɓo da yawa cikin waɗannan, amma ba doka ba ce sai ƙasa ta mayar da ita doka. Sannan a karɓi kuɗin gyaran wuri a ajiye kafin a ba da lasisi, tunda madatsar tana nan bayan kamfani ya tattara ya tafi.

Wassalam,
Wani mai karatunku