Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke tafiyar da wurin shaƙatawar unguwarmu a Barnawa

Zuwa ga Shugaba da sauran masu gudanarwa,

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto muku a bainar jama'a ne saboda hanyoyin cikin gida sun ƙare mini. Na yi wa manajan reshenku magana baki da baki, ya ce zai duba. Na tura saƙo ta lambar WhatsApp da ke jikin rasit ɗinku, an karanta, ba a ce uffan ba. Kuma abin da nake kuka a kai, wato cajin da ya wuce farashin da kuka rubuta da lalacewar abinci da hidima, ba ni kaɗai ya shafa ba, duk wanda ya zauna a teburinku a 'yan watannin nan ya ɗanɗana.

Tun kafin kamfaninku ya karɓi wurin nan muke zuwa. Ku da kanku kun san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka sa kogin Kaduna ya zama iyaka, kowa ya koma zama cikin nasa. Wuraren da suka rage inda mutumin Narayi ko Kakuri zai zauna tebur ɗaya da wanda ya tsallako gada daga Tudun Wada ko Unguwar Rimi ba su da yawa, kuma naku na cikinsu. Masu shan giya da ɓangarensu, mu masu lemo da zoɓo da namu, allon kallon ƙwallo ya haɗa mu, gasasshen kifi ya haɗa mu. Shi ya sa lalacewar wurin ta dame ni fiye da kuɗin da na yi asara.

Ba tsada nake ƙorafi a kai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu abin da ya tsaya a farashinsa. Kuɗin wuta ya tashi, abin da janareto ke sha ya tashi, abincin kifi ya yi tsada har wasu masu kiwon tarwaɗa sun rufe tafkunansu, dankalin turawan da ake ɗaukowa daga Bokkos da Mangu sai an biya kuɗin mota mai nauyi kafin ya iso. Mu ma a kasuwa ɗaya muke cefane. Da kun ƙara kuɗi kun rubuta a fili, wanda zai iya ya ci, wanda ba zai iya ba ya haƙura, da babu wanda zai ce muku kanzil.

Abin da kuke yi daban ne. Takardar farashin da ake ajiye mana a tebur ta ce babban kifi N9,000. Muka ci, muka sha, aka kawo lissafi, sai ga N12,500 a gaban kifin. Na kira yaron da ya yi mana hidima na ce, "Ƙanena, wannan fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, wancan tsohon farashi ne, ba a buga sabuwar takarda ba." To me ya sa ake ci gaba da miƙa wa mutane tsohuwar? A ƙasan wannan kuma an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda na san na gwamnati ne tun watan Fabrairun 2020, ba ni da ja a kansa. Sai wani kashi 10 da aka kira kuɗin hidima, wanda babu inda aka ambace shi, ba a bango ba, ba a takarda ba. Da na zo biya da kati, aka ce sai na ƙara wani abu na cajin POS. Abokina da ya yi taransifa aka tsayar da shi a bakin ƙofa, mai gadi ya tare hanya, wai sai kuɗin sun shiga, alhali ga shaidar biya a wayarsa yana nunawa. Magidanci ne, da iyalinsa a mota suna jira.

Wannan ba rashin kyautawa kaɗai ba ne, saɓa doka ne. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashinsa, kuma ta hana shi karɓar fiye da abin da ya bayyana. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta garƙame wani babban kanti a Abuja a kan irin wannan, farashin kan kanta daban, na wurin biya daban. Ban yi tsammanin kamfani kamar naku bai san da haka ba.

Sai maganar kifin kansa, wadda ita ce ta fi ci mini rai. A da akwai baho a gefen wurin gashi, tarwaɗa na iyo a ciki da ranta. Kai za ka nuna wadda kake so, a ɗora a sikeli a gabanka, a yanka, a shafa mata yaji da tattasai da citta, a ɗora a kan gawayi. Za ka jira, amma jiran da ka san dalilinsa ne, ƙamshi na zuwa maka har inda kake zaune. Yanzu an ɗauke bahon. Kifin da aka kawo mana bayansa ya ƙone, amma da na ɓare shi da hannu kusa da ƙaya da sauran sanyi, tsokar ta yi laushi tana marmashewa, ga ƙarni da ko lemon tsamin da aka matsa bai rufe shi ba. An zuba yaji mai yawan da ya wuce hankali, kuma duk mai cin kifi ya san abin da ake ɓoyewa da irin wannan yajin. Ba sai an gaya wa mutum ba: kifin firij ne da ya narke ya sake ƙanƙarewa saboda ana kashe janareto da rana, sannan aka yi ɗumamensa da dare. Wannan ya wuce maganar daɗin baki, ya shiga maganar lafiya. Akwai masu zuwa da yaransu ranar Lahadi.

Farfesun kayan ciki ma ya koma ruwa da attaruhu, sai ka yi ta laluben nama da cokali. Dankalin kuma a man da ya yi baƙi ake soya shi.

Akwai abu guda da nake roƙon ku ɗauka da muhimmanci ko da kun yi watsi da sauran. Tsohon mai wurin ya ware kofunan ɓangaren lemo daga na ɓangaren giya, har launinsu ya bambanta, wurin wankinsu ma daban. Babu wanda ya tilasta masa, ya san mutanen da yake hulɗa da su ne. Yanzu an haɗe su, ana tsoma su a roba ɗaya cikin ruwan da ba a canzawa. Aka zuba mini kunun aya a kofi, ina kaiwa baki na ji warin giya. Na ajiye. Ga wanda addininsa ya hana shi ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ko wanda yake sha ba zai so a ba shi kofin da ba a wanke da kyau ba. Wasu abokanmu daga wannan ranar suka ɗauke ƙafa, ba su yi wa kowa faɗa ba, sun daina zuwa ne kawai.

Ba na ɗora laifin nan a kan yaran da ke kai da kawo. A daren da ake buga babban wasan Firimiya, filin nan kan cika maƙil, amma waɗanda ke hidima ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Suna gudu da faranti, ana daka musu tsawa ta ko'ina, kuma kusan duk wata sai ka ga sababbin fuskoki. Wurin da ma'aikaci ba ya zama, akwai abin da ke korarsa. Ina son sanin ko kashi 10 ɗin da kuke karɓa da sunan hidima yana shiga aljihunsu, domin da sunansu kuke karɓa.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku buga farashi na gaskiya ku manna inda kowa zai gani, da haraji da duk wani ƙari a jikinsa, kafin mutum ya yi oda. Ku dawo da bahon kifi, in kuwa ba zai yiwu ba ku faɗa wa mutane cewa na firij ne, su zaɓa da saninsu. Ku raba kofuna kamar da. Ku ƙara ma'aikata a ranakun wasa, kuma ku hana mai gadi tsare mutumin da ya riga ya biya.

Ina kuma roƙon ɗaya daga cikinku ya zo ran Asabar da dare ba tare da an sanar da manaja ba, ya zauna a teburin baya kusa da ban-ɗaki, ya yi odar kifi da kunun aya kamar kowa. Rasit ɗina da hoton takardar farashin suna hannuna. In wata ya ƙare ban ji daga gare ku ba, zan miƙa su ga hukumar FCCPC.

Naku,
Wani daɗaɗɗen abokin cinikinku, Kaduna.