Zuwa ga Mai-sunan Malam, a kan maganar motar nan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar amaryata. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai zafi, ka dai san watan da muke ciki. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi, har tana takawa Islamiyya da kanta.

Da biro na rubuta wannan, Auta ce za ta ɗauki hotonsa ta turo maka. Na ƙi kiranka a waya ne don na san halinka, na kuma san nawa. Kai za ka yi ta "to Baba, to Baba", ni kuma raina ya ɓaci, a rabu ba a yi magana ba.

Ba daga bakinka na ji ba, wannan shi ne na farko. Ranar Juma'a bayan an sakko daga Masallacin Shehu, ɗan Baffanka ya tare ni da fara'arsa, wai yana taya ni murna, Yaya zai shigo da Mercedes da Babbar Sallah. Na ce masa madalla, kamar na sani. Da na koma gida Auta ta nuna mini hoton a wayarta: baƙa wuluk, kujerun fata, kai kuma ka jingina da ita kana murmushi kamar ango. An ce E350 ce, ƙirar 2014, daga Amurka aka kawo ta, ka riga ka ba da kafin alƙalami, saura ciko. Kowa a gidan nan ya sani ban da ni. Na gane dalili. Kun san abin da zan ce.

Kuɗinka ne, kuma na shaida guminka ne, ba na kowa ba. Kada ka ɗauka tsohon nan bai san daɗin mota ba. Shekara nawa na yi ina jan manya a irinta, mu a lokacinmu Marsandi muke ce mata. Na san yadda ƙofarta take rufuwa da nauyi, tim, sai duniya ta yi tsit. Na sha ɗauko maigida daga Kaduna yana shan shayi a baya, ko ɗigo bai zuba a rigarsa ba. Ni ma na yi sha'awarta, ba sau ɗaya ba. Abin da Allah ya hore mini shi ne Peugeot 504 ɗin nan haɗin Kaduna, ita ma ka san shekarar da na sayar da ita da abin da aka yi da kuɗin. Ba gori nake maka ba.

Tun da ka riga ka sa ƙafa, ga abin da direba zai gaya wa mai saye. Mota ce mai fulogi shida, injinta lita 3.5, fetur take sha ba ruwa ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce an cire tallafi, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ya haye 1,000. Daga Abuja zuwa nan ya fi kilomita 600, ko ka yi mata lissafin lita 10 a kowace kilomita 100, ka ga lita 60 da ɗoriya zuwa kawai. A cikin gari kuwa, ga cunkoso ga esi a kunne, ta fi haka ci nesa ba kusa ba. Kuma ba ta son man 'yan bumburutu. Baƙin manta ma na musamman ne, ba wanda ake aunawa a gorar ruwa ba. Kayan gyaranta da dala ake shigo da su, kowace safiya da kuɗinsu. Ka sa a duba lambar jikinta a kwamfuta, don motocin Amurka da yawa sai sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su ake gwanjonsu, a zo nan a shafe su da fenti. Ka ga takardun kwastan da idonka, ka kai a tantance, kada ka tsaya kan rantsuwar dillali. Sai kuma cikinta, ƙasa-ƙasa take kamar kunkuru. Ka san layinmu na Mabera da damina. Ranar da ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, sai dai ka ajiye ta a titi ka naɗe wando.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana nema a samu. Ba shi ya hana ni barci kwana huɗu ba.

Hanya ce, ɗana. Daga Funtuwa zuwa 'Yankara, zuwa Tsafe, zuwa Gusau, sannan Talatar Mafara, Tureta, har ka hango Shuni. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Na bi ta da tsakar dare ba adadi, lokacin da abin tsoro a kanta bai wuce jaki ya gitta ko barci ya sace ka ba. Yanzu ni da na ƙare rayuwata a kanta, in ka ba ni kujerar Makka kyauta ka ce sai na bi ta bayan la'asar, zan ce na gode. Ka manta 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya? Ka manta harin jirgin ƙasan Kaduna a watan Maris na 2022? Kai ne mai karanta jarida, ni a rediyo nake ji. Kuma kada ka ce za ka zaga ta Kontagora da Yawuri, ka ɓullo ta Jega. Ita ma da nata labarin, ga tsawo.

'Yan bindigar nan masu satar mutane ba makafi ba ne. Suna da masu zauna musu a gidan mai da tasha da teburin mai shayi. Motar haya ta tsaya, ba wanda zai ɗaga kai. Tsohuwar Golf ta tsaya, ba wanda zai ɗaga kai. Baƙar Mercedes mai lambar Abuja ta tsaya shan mai a Funtuwa, da mace da jaririya a baya, kafin ka karɓi canji labarinka ya riga ka yin gaba. Ban ce mai tsohuwar mota ya tsira ba, ana tare kowa. Amma ba kowa ake yanka wa kuɗi ɗaya ba. Ranar da suka ɗauke Kawunka, a motar aro yake, ta maigidansa, ba ma tasa ba. Abin da suka fara ce mini a waya ke nan: "Alhaji, ai mun ga motar da yake ciki." Na yi rantsuwa, na ce malamin firamare ne, suka yi dariya.

Kai ba ka nan. Ka turo kuɗi, ka turo da yawa, Allah ya saka maka, ban taɓa mantawa ba. Amma ba ka zauna a tabarmar nan ta zaure ba, waya a tsakiya, an jona ta da batirin mota don kada caji ya ƙare, mutum bakwai suna kallonta kamar masu jinya. Ba ka ji muryarsa ba ranar da suka miƙa masa wayar. Ba kai ka ƙirga kuɗin gonar Wamakko kana ɗaure su da roba kana zubawa a buhun taki ba, Gwaggonka tana bayan labule tana jin ƙarar kowace takarda. Kwana talatin da takwas. Ya dawo, alhamdu lillahi, amma kai ma ka ga yadda ya dawo. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida da dare sai ya miƙe.

Wancan karon akwai gona. Yanzu me zan sayar? Ka gaya mini. Gidan da Innarka take ciki?

Na san amsarka, don an kawo mini ita. Wai motar tana da gudu, ba mai cim maka. Wannan maganar yara ce, kuma ba ta dace da mai iyali ba. Gudu a ina? A kan ramukan nan? Tayarta siririya ce, rami ɗaya da gudu ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa ƙarfen. In an gindaya itace a gabanka, ba motar da za ka sauka da ita burji ka juya ba ce, cikinta zai kama ƙasa ta zauna. Kuma tun da 'yar Amurka ce, manyan lambobin agogonta mil ne. Ka ga allura a kan 80 ka ce ai a hankali kake tafiya, alhali kana neman kilomita 130, ga dokar hanya ko a babban titi mai hannu biyu 100 ta ce. Irin motar nan ba ta gaya wa mutum yana gudu, shi ne sharrinta. Da 504 ce, sitiyari ya fara rawa, gilashi ya fara kuka, ka san ka wuce gona da iri. Wanda ya tsere wa ɗan bindiga ya faɗa ƙarƙashin tirela, me ya tsira da shi?

Sannan in ta tsaya fa? Fijona ta taɓa mutuwa da mu bayan Mafara, kana ɗan shekara tara, kana ta kukan ƙishirwa. Na buɗe kafireto na hura, na ɗaure tiyo da igiyar takalmi, muka iso gida kafin magariba. Wannan kuwa in wata 'yar na'ura ta yi gardama, sai ta kunna maka fitila a gaba ta ƙi tashi, ba bakaniken bakin hanya da zai taɓa ta sai mai kwamfuta. Ka tsaya a dajin Tsafe da rana tana faɗuwa kana jiran mai kwamfuta daga Gusau?

Ban manta abin da ka gaya wa Yayarka bara ba, cewa Baba ya ƙare rayuwarsa cikin tsoro, shi ya sa bai tara komai ba. Ta gaya mini, kada ka yi mata faɗa. To, tsoron nan shi ya dawo da ni gida kowane dare shekara talatin da ɗaya, ban taɓa kwantar da mota ba, ban taɓa ɗaukar ran kowa ba, har ku tara kuka girma da uba a gida. Abokan aikina marasa tsoro, wasunsu ni na sa su a rami. In kuma ajali za ka kawo mini, na fi ka sanin ajali. Wanda ya ce mu dogara ga Allah, shi ya ce a ɗaure raƙumi. Kai kuma raƙuminka za ka yi wa kwalliya ka kai shi bakin kura, don 'yan unguwa su ce ɗan direba ya zama wani abu. Su waye 'yan unguwar? Ranar da aka zo karo-karon Kawunka, na ga abin da kowa ya ajiye.

Na yi zafi. Ka yi haƙuri, tsufa ne. Na ajiye biron na yi alwala na dawo.

Na san abin da ke ranka, kuma ba girman kai ba ne duka. Kana so ka tsaya a ƙofar gidan nan ka buɗe mini baya in zauna, ni da na ƙare ƙuruciyata ina buɗe wa wasu. Auta ta ce haka ka faɗa. Da ta gaya mini sai da na tashi na shiga ɗaki. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

To ga abin da nake roƙo, kuma roƙo ne, ka wuce a ba ka umarni. Da son raina ne, da ka karɓo kafin alƙalaminka ka nemi Camry, wadda kowane gareji a garin nan ya san cikinta kuma ba mai waiwayenta. In ranka ya kafe a kan wannan, saye ta, Allah ya sa alheri, ya tsare ka da sharrin ƙarfe. Ka je ofis da ita, ka kai maiɗakinka unguwa, titunan Abuja sun dace da ita. Amma ka yi mini alkawari ɗaya, a rubuce kamar yadda na rubuto maka: ba za ta wuce Zariya ta yo nan ba, da rana ko da dare, da kai ko da direba, har sai Allah ya kawo mana sauƙin wannan abu. Da Sallah ku hawo jirgi, tafiyar kamar awa ɗaya ce, ɗan Baffanka zai je filin jirgi ya ɗauko ku. In kuɗin tikitin mutum biyu ya yi nauyi bayan sayen mota, ka faɗa mini ba kunya, ina da ɗan abin da na ajiye na rago, bana sai mu yi tarayya a sa.

Zaman bayan kuwa ina binka bashi. Bayan Sallah zan zo ganin likitan idon nan, sai ka ɗauko ni da ita, ka zaga da ni gari. Amma ka sani zan sa ido a kan allurar.

Innarka tana gaishe ku. Ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aiko ya iso, kuma a auno mata ƙafar yarinyar da zare, tana so ta saya mata takalmin Sallah. Ba ta san na rubuta wannan ba. Ina jiran amsarka kafin Juma'a.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mabera, Sakkwato.