Ku Ba Hokin Ƙanƙara Gurbi A Shafinku Na Wasanni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya.

Ni mai sayar da ƙanƙara ne a Agege, nan Legas. Masu kifi da masu zoɓo da masu kunun aya su ne abokan cinikina. Aikin namu na dare ne, domin sai gari ya yi tsit ake samun wuta mai ƙarfin da za ta daskarar da ruwa, in kuma an ɗauke sai in tashi in kunna janareta. A irin wannan zaman ne nake karanta jaridarku a waya, kuma shafin wasanni nake fara buɗewa. Tun safiyar Talata, 25 ga Yunin nan na 2024, nake leƙa shafin ko zan ga layi ɗaya game da wasan ƙarshe na Kofin Stanley, babban kofin gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ban gani ba. Kullum sai Firimiya da Laliga da cinikin 'yan wasa. Ba na ƙin ƙwallon ƙafa, ni ma mai kallo ne. Amma akwai wani labari da ya wuce ku, kuma tun da na bi shi wata tara cur, na ga ya kamata in kawo muku shi.

Babban ɗana yana karatu a Edmonton, babban birnin lardin Alberta a Kanada. Shi ne sanadin komai. Wata rana muna magana ta bidiyo, sai na hangi mutane a bayansa cikin riguna ruwan lemo da shuɗi, suna tururuwa kamar ranar hawan sallah. Na ce, ina ake biki? Ya ce, "Baba, ƙungiyar garin ce za ta buga hoki, amma a kan ƙanƙara ake yinsa. Sana'arka ce fa suke gudu a kanta." Daga ranar ya fara turo mini guntayen bidiyo, har na koyi nemo wasan da kaina.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum shida ne kowane ɓangare, har da gola. Takalmansu suna da ƙarfe mai kaifi a ƙasa, da shi suke sulɓi. Ƙwallon nasu wani baƙin faifan roba ne mai tauri wanda bai fi tafin hannu ba, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Ana yin zubi uku, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika wuce minti ɗaya a fili, sai ya koma benci wani ya faɗo, wasa kuwa bai tsaya ba. Wanda ya yi ƙeta ba kati ake ɗaga masa ba. Ana kai shi wani keji a gefe ya zauna minti biyu, 'yan'uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. Abin da ya fara kama ni dai shi ne filin. Tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, ga bututai a ƙarƙashi suna zagaya ruwan sanyi. A tsakanin zubi da zubi wata mota mai suna Zamboni takan shigo ta kankare saman, ta shimfiɗa ruwan ɗumi, nan take ya daskare sumul. Ni da nake kwana ina lallaɓa ledoji ɗari biyu su yi tauri kafin asuba, na san abin da wannan aikin yake ci na wuta da kulawa. Har a Florida, inda zafi yake kusa da namu na Legas, haka suke riƙe ƙanƙarar.

Sunan ƙungiyar Edmonton Oilers, wato ma'aikatan mai, domin Alberta ƙasar man fetur ce. Tana cikin gasar NHL mai ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, sauran a Amurka. A kakar 2023 zuwa 2024 kowace ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Oilers ta ɗauki kofi sau biyar tsakanin 1984 da 1990, huɗu daga ciki tare da Wayne Gretzky, wanda har gobe ake cewa ba a yi kamarsa ba. Tun daga nan shiru. Kanada baki ɗayanta ma, ƙasar da ta raini wasan, rabonta da kofin tun 1993 da Montreal ta ɗauka. To bana masana da yawa sun sa Oilers a gaba, saboda tana da Connor McDavid, kyaftin mai lamba 97, da Bajamushen nan Leon Draisaitl.

Wasan farko, a Vancouver, aka lallasa su 8 da 1. Aka ce tuntuɓe ne. Sai abin ya zarce. A wasa 12 na farko biyu kacal suka ci, har San Jose, wadda take can ƙurya a ƙasan teburi, ta doke su. Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, aka sallami koci Jay Woodcroft, aka ɗauko Kris Knoblauch daga ƙaramar gasa, mutumin da ya horar da McDavid tun yana saurayi a ƙungiyar matasa ta Erie. Ni a lokacin ban ji daɗin korar ba, kuma har yanzu ina ganin an ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum ashirin. Gola yana zubar da ƙwallaye, 'yan baya suna barin ƙofa a buɗe, McDavid kansa bai gama warwarewa daga rauni ba. Amma ba zan musanta abin da idona ya gani daga baya ba. Sabon kocin mutum ne mai sanyin hali, ba ya hargowa a gefen fili, kuma a hannunsa aka gyara tsaron baya. Daga 21 ga Disamba suka kama cin wasa ba ƙaƙƙautawa, har 16 a jere. Duk watan Janairu ba wanda ya doke su. Saura ɗaya su kamo tarihin Pittsburgh na 17, sai Vegas ta tare su ranar 6 ga Fabrairu.

A wannan Janairun ne sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili a yankin Edmonton. Na kira yaron hankalina a tashe. Ya ce mini, "Baba, kada ka damu, gari dai ya daskare, amma in Oilers na cin wasa kowa fara'a yake yi, har direban bas." Maganar ta zauna mini. Yaro baƙo, a ƙasar da ba dangi, ya sami abin da zai buɗe baki ya yi hira da maƙwabcinsa a kai. Ni kuma a nan na sami abin da zan riƙa tambayarsa ban da "ya karatu" da "kuɗi sun ishe ka". Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a can, ƙarfe uku na dare ne a Legas lokacin hunturu, yana ƙarewa ana kiran asalatu. Da azumi ya zo sun matsar da agogonsu da awa ɗaya, sai ya zamana wasa na ƙarewa ina zuba ruwan sahur.

Sun gama kakar da nasara 49 da maki 104, na biyu a rukuninsu. Zach Hyman ya ci ƙwallo 54, akasarinsu daga bakin raga inda ake shan duka. McDavid ya miƙa ƙwallo 100 aka ci, abin da kafin shi mutum uku kawai suka taɓa yi.

Daga nan sai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda ƙungiyoyi biyu suke ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu. Sun fitar da Los Angeles a wasa biyar, Vancouver ta wahalar da su sai a na bakwai, Dallas a na shida. A karon Vancouver ne aka ajiye gola Stuart Skinner, ɗan asalin garin, wasa biyu yana benci, ya dawo ya tsare ragar kamar ba shi ba.

Wasan ƙarshe da Florida Panthers aka yi, tsakanin garuruwan biyu tafiyar sama da kilomita 4,000. Florida ƙungiya ce mai matsi da ƙarfin jiki, ga golansu Sergei Bobrovsky ɗan Rasha ya zama bango. Suka ci na farko 3 da 0, na biyu 4 da 1, na uku 4 da 3. Mai shayin da ke jikin shagona, wanda zuwa lokacin shi ma ya fara leƙo wayata, ya ce, "Alhaji, ka haƙura, wannan tuwon ya riga ya ƙone." Gaskiyarsa, domin sau ɗaya tak a tarihi aka taɓa tashi daga 3 da 0 a wasan ƙarshe aka ɗauki kofi, Toronto ce a 1942.

Wasa na huɗu ya faɗo daren jajibirin Sallah. Ƙarfe ɗaya na dare aka fara a agogonmu, raguna na kuka a kowane lungu na Agege, ni kuma ina ta ɗura ruwa saboda cinikin gobe. Oilers ta ci 8 da 1, adadin da aka yi mata a ranar farko, har aka cire Bobrovsky daga raga. Na tafi Idi ban runtsa ba, kuma ban ji gajiya ba. Suka je Florida suka ci 5 da 3, suka dawo gida suka ci 5 da 1. Ɗana ya kira ni daga bakin filin Rogers Place, ban ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba saboda sowa, fuskarsa kawai nake gani.

Na bakwai mu biyar muka kalle shi, ni da mai shayi da 'yan acaɓa biyu da wani maigadi, mun jingina waya a jikin gwangwanin madara. Carter Verhaeghe ya fara ci wa Florida, Mattias Janmark ya farke ba da jimawa ba. A zubi na biyu Sam Reinhart ya ƙara wa Florida. Zubi na uku kuwa, ban taɓa ganin mutane sun zuba ƙarfinsu haka ba. Kocin ya bar McDavid da Draisaitl a fili har ƙafafunsu suka yi nauyi, faifan ya yi ta yawo a bakin raga ya ƙi shiga. Aka tashi 2 da 1. Florida ta ɗauki kofi karo na farko a tarihinta.

An ba McDavid kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen duk da an doke su, rabon da a ba wanda ya sha kaye tun 2003. Ya tara maki 42, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya miƙa aka ci, kuma miƙawa 34 da ya yi ta karya tarihin Gretzky. Bai fito ya karɓa ba, ya zauna a ɗakin sauya kaya da 'yan'uwansa. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya ce girman kai ne. Ni ban yarda ba. Shugaba ba ya barin jama'arsa suna kuka ya fita ɗaukar hoto. Mai shayi ne ya tuna mana cewa mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Fabrairu, da Kwaddibuwa ta doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka, aka ba William Troost-Ekong gwarzon gasa. Duk wanda ya kalli fuskarsa a daren ya san kyautar ba ta share masa komai ba.

Na san za a ce wannan wasan Turawa ne, me ya haɗa mu da shi. To ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta. Akim Aliu, wanda shi ma ya buga gasar, a Okene aka haife shi. Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625 ya kuma daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, mahaifinsa Bayarabe ne. Da na faɗa wa matar da ke sayen ƙanƙara a wurina sunan, nan take ta ce ai "igi nla" ne, babbar bishiya. Kuma a cikin 'yan Florida da suka ɗaga kofin bana akwai Kyle Okposo, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana da shekara 36, bayan ya yi kaka 17 yana nema. Wannan ne ya ɗan sanyaya mini rai a daren. Da ɗan Zariya ne ya buga wa Arsenal, ai da yara sun haddace sunansa.

Roƙona ƙarami ne, Malam Edita. Ba shafi guda nake nema ba. Ku ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a mako ga wasannin da ba ƙwallon ƙafa ba, hoki ya shiga, ƙwallon kwando ya shiga, damben gargajiya da kokawarmu ma su samu wuri. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna ta tafiya Kanada karatu da aiki, iyayensu kuma Hausa suke karantawa. In kun rubuta, ku taimaka ku sa lokacin wasa da agogon Najeriya, domin lissafin awa bakwai da awa takwas ya sha sa ni kunna waya wasa ya yi rabi.

Sabuwar kaka za ta fara a Oktoba. Yaron ya yi mini alkawarin riga mai lamba 97 in an samu mai zuwa gida, mai shayi kuma ya ce shi ta Hyman yake so.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai sayar da ƙanƙara,
Agege, Legas.