Rumfa mai ninki irin na takarda, a gwada ko ɗaya a Tahoua

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ɗan ƙanena da ke karatun zanen gine-gine a Yamai ya zo hutu, muna shan shayi ya nuna min hotunan wasu rumfuna a wayarshi, rufinsu duk kusurwa-kusurwa kamar jirgin ruwan da yara ke yi da takardar lakwal. Na ce kai tafi can, kwalliyar turawa ce. Yaron bai yi musu ba, ya yago takarda ɗaya ya ɗora tsakanin kofi biyu, ya aza dala biyar, nan take ta lotsa ta faɗi. Sai ya ninke ta gaba da baya, gaba da baya, ya mayar, ya aza kuɗin, ya ƙara, har da makullin babur ɗina, wallahi tana nan tsaye. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa kwanon rufinmu ke da tudu da kwari, shekara nawa ina kwana ƙarƙashinshi ban taɓa tambaya ba.

Japanawa na kiran ninkin takarda origami, kuma abin ya wuce wasan yara, don ninkin da wani masaninsu Koryo Miura ya ƙirƙiro an yi amfani da shi a faifan sola na tauraron ɗan adam a 1995. A Abu Dhabi akwai tagwayen benaye Al Bahr da aka gama a 2012, an lulluɓe su da wasu marufai masu buɗewa da rufewa suna bin rana. Alhazanmu kuma sun ga lemomi 250 na harabar masallacin Madina, a buɗe su da rana a naɗe da dare.

To ni ba irin waɗannan nake nema ba, ina muka ga kuɗin. Inuwa kawai nake nema. Watan Afrilu zafi na kai 45, ka ga mata da goyo sun takure gindin bango suna jiran mota, 'yan kabu-kabu kuma kowa na neman bishiya. Rumfar da aka kafa kusa da unguwarmu ƙafafu huɗu ne da shimfiɗaɗɗen kwano, iskar farkon damina ta zo ta ɗauke shi kamar faifai, har yau ƙarafan ne tsaye.

Kuma kar a ce ba a iyawa nan, a je Dandaji cikin jiharmu a ga kasuwar da mai zanen gine-gine 'yar Nijar Mariam Kamara ta zana, an gama ta 2018, faya-fayan ƙarfe masu launi wani sama da wani, iska na ratsawa. Ba ninki ba ne amma ta nuna maƙeranmu da masu walda na iya abin da ya fi rumfar kullum.

Sai dai akwai inda na ƙure yaron. Kwarin ninkin nan ƙurar hunturu za ta cika shi, ruwa ya zo ya kwanta, tsatsa ta ci, in kuma rufin ya yi ƙasa ƙarfe ya gasa mutane. Ya ce a karkata shi, a ɗaga sama sosai, a ɗaure ƙafafun da siminti. Na ce to a gwada mu gani. Shi ya sa nake roƙon hukumar gari ta ba ɗalibai da masu walda wuri ɗaya bakin tasha su kafa ƙarama, a bar ta ta sha hunturu ɗaya da damina ɗaya kafin a yi maganar ta biyu.

Naku mai karatu,
daga Tahoua